Maki Huɗu da Littafin da Ba Shi da Bango

Anti mai ba mu shawara, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin zuciya ta sa in aikata abin da zai raba zumuncin gidanmu. Kwana goma sha tara ke nan ina haɗiye wannan magana, ta ƙi wucewa, shi ya sa na ce gara in amayar da ita a gabanki ko na samu sauƙi. Ki yi haƙuri idan wasiƙar ta yi tsawo, raina a ɓace yake.

Ni malamar Turanci ce a wata makarantar firamare ta kuɗi. Shekara goma sha ɗaya ina cin alli, kuma duk wanda ya san irin waɗannan makarantu ya san ranar da mai makaranta ya tashi da ƙafar hagu, ranar za ki iya rasa aikinki. Babu fansho, babu hutun kirki, babu wanda za ki kai wa ƙara. Saboda haka burina kullum shi ne in ci jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. Sau uku na zauna ban dace ba. Dokar jarrabawar kuwa ita ce wanda ya cika shekara talatin da biyar ba ya zama. Ni zan cika talatin da biyar ƙarshen shekarar nan. Wato zama ɗaya ya rage mini a duniya, nan da mako tara.

Kafin zama na uku, wanda aka yi wata huɗu da suka wuce, na ce ba zan sake karatu ni kaɗai ba, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muka haɗu mu uku. Ni, da 'yar gwaggona da muke kira Auta, wadda ke aiki a kantin magani, da wani maƙwabcinmu mai gyaran waya da ake ce wa Dogo. Yayana tela ne, ya ba mu ɗakin bayan shagonsa inda yake ajiye yadi. Benci ɗaya ne a ciki, da teburin yanka mai ƙafa ɗaya gajera da muke tokare ta da katako, da wani allo da na aro daga makaranta. Duk Asabar da Lahadi bayan la'asar muna can, keken ɗinki na ƙara a kunnenmu, fanka na watsa mana zare a kan takardu.

Jarrabawar kashi uku ce: Turanci, lissafi, da sanin al'amuran yau da kullum, wato tarihi, da tsarin mulki, da waye ke riƙe da wane muƙami, da abin da ke faruwa a duniya. Ni na kawo shawarar mu raba aikin. Kowa ya ɗauki kashi ɗaya, ya karanta shi ciki da bai, ya zo ya koya wa sauran. Na ɗauki Turanci, Dogo ya ɗauki lissafi, aka bar wa Auta al'amuran yau da kullum. Amana ce muka ƙulla, kowa ya ɗora wuyansa a hannun ɗan'uwansa.

Anti, Allah shaida ne na riƙe tawa amanar. Lokacin da Auta ta zo, ko jimla ɗaya ba ta iya rubutawa a miƙe. In ta rubuta layi biyar, sai na kusa ƙarar da jan birona a kansu. Ni na zaunar da ita na koya mata nahawu daga tushe, na koya mata yadda ake karanta dogon rubutu a tsamo amsa, na sa ta haddace kalmomi masu ma'ana ɗaya da masu kishiyantar juna, ashirin ashirin duk mako. In ta yi kuskure ba na ɓoye mata, a kan allo nake rubuta shi don Dogo ma ya amfana. Wani lokaci har dariya muke yi, don wallahi wasu kurakuran nata ko ɗan aji uku ba zai yi su ba. Ba don mugunta nake yi ba, haka nake koyarwa, kuma ga shi ya yi mata amfani.

To ita me ta kawo mana? Wani littafi mai kauri na tambayoyi dubu da amsoshinsu, bangonsa a cire, shafin farko ma babu. Ta ce a wurin wata abokiyar aikinta ta samo. Na ji daɗinsa ƙwarai, don ni dama na gaya mata tun farko ba na son dogon surutu, tambaya da amsa kawai nake so, a rubuce, abin da zan haddace. Na kai aka buga mana kwafi uku. Na haddace littafin nan kamar sunana. A motar haya ina bita, ina girki ina bita, har 'yata ta fara amsa wasu tambayoyin kafin in buɗe baki.

Ranar jarrabawa, da aka zo kashin al'amuran yau da kullum, murna ta kama ni, don tambayoyi da yawa na san su. Waye shugaban babban banki, ma'aikatu nawa ne a ƙasa, wace ƙasa ce ke shugabantar ƙungiya kaza, mutum nawa aka ƙidaya. Sai dai a wasu, amsar da na haddace ba ta ma cikin zaɓin da aka bayar. A wasu kuma tana nan, na cike ta da ƙarfin gwiwa, ashe tarko ne, sunan wanda ya sauka tuntuni aka sa don a kama irina.

Sakamako ya fito. Ana neman maki ɗari da ashirin cikin ɗari biyu. Na samu ɗari da goma sha shida. Maki huɗu, Anti! Lissafi talatin da bakwai cikin sittin, Turanci hamsin da biyar cikin tamanin, al'amuran yau da kullum ashirin da huɗu kacal cikin sittin. Dogo ma ya faɗi. Auta kuwa ta haye da ɗari da ashirin da bakwai, kuma a kashin da ta ba mu ashirin da 'yan kai, ita arba'in da shida ta ci. Littafi ɗaya muka karanta, ko ba haka ba? To daga ina nata ya fito?

Dogo ne ya tono asirin. Ya ga irin littafin a wurin wani mai sayar da tsofaffin littattafai, da bangonsa, ashe shekara bakwai ke nan da buga shi. Ya kuma gano cewa Auta na da wani ƙaramin littafin rubutu da take ɗauka a jaka. Mai kantin da take wa aiki yana sayen jarida kullum, in ya gama sai ta karanta ta kwashe abin da ya canza. Da safe kuma tana guga tana sauraron labarai a rediyo, tana rubutawa. Wata shida tana wannan, muna zaune benci ɗaya, cinyata na gogar tata, tana kallona ina rera sunayen mutanen da suka bar kujera tun 'yata ba ta shiga makaranta ba. In wannan ba cin amana ba ne, to mene ne sunansa? Na yi mata rana, ta yi mini dare.

Da na kai ƙara wurin Innarmu, wai sai aka kira Auta, ta yi ta kuka tana rantsuwa cewa ba ita ta cire bangon ba, kuma wai ta taɓa gaya mini wasu amsoshin sun canza. Na tuna wata rana ta yi wani ƙus-ƙus a kan shugaban babban banki, na ce mata ita da ba ta iya haɗa jimla ba, ba ita za ta gyara littafin da masana suka buga ba. To wannan shi ne faɗa? In da gaske take, me ya hana ta dage? Wai kuma ta ce sau biyu tana ce mini in riƙa kunna rediyo da safe. Ni da nake shirya yara biyu, in kama mota kafin ƙarfe bakwai, ina na ga lokacin zama jin surutun 'yan rediyo? Ai saboda haka aka raba aikin!

Na san za ki ga makina na Turanci ki ce malama guda hamsin da biyar. To bari in yi bayani kafin a yi mini dariya. Tambaya goma sha huɗu na bari ban taɓa ba, lokaci ya ƙare. Akwai wani dogon rubutu a tsakiya da aka rubuta shi a hargitse, sai da na karanta shi sau uku. Ni kuma ba na tsallake tambaya, a jere nake bi, kuma ba na cankar amsa ko da ba a rage maki a kan kuskure. Abin da nake hana ɗalibaina ke nan kullum, ba zan je in aikata shi da girmana ba. Wannan laifin masu shirya jarrabawa ne da ba su san darajar lokaci ba.

Yanzu gidan gwaggo ya zama kasuwa, ana ta shiga ana fita ana yi mata barka. Ni ban je ba, kuma ba zan je ba. Mijina ya ce in bar wa Allah, Yayana ya ce ɗakin yadi na nan in ina so. Abin da ya ƙarasa tunzura ni shi ne shekaranjiya Inna ta zo da ƙaramin littafin nan a leda, wai Auta ta ce a kawo wa Yaya, wato ni, kuma har yanzu tana ci gaba da rubuta sababbin labarai a ciki saboda ni, duk da ita ta gama. Ji rainin hankali! Bayan ta haye, shi ne za ta jefo mini igiya a gaban mutane don a ce ita ce ta kirki. Ban buɗe shi ba. Yana kan firiji. A bangon ma da ta rubuta sunana da Turanci akwai kuskure, sai da hannuna ya yi ƙaiƙayin ɗauko biro.

Anti, zuciyata na ce mini in tara dangi in mayar mata da abinta a gabansu, in faɗi duk abin da ta yi, daga nan kowa ya kama gabansa. Wata zuciyar na ce mini in haƙura da jarrabawar gaba ɗaya, tunda wanda ka yarda da shi ma haka zai yi maka. Ki faɗa mini gaskiya, wanne zan yi?

Taki, Malama Mai Jan Biro.

*

Wa alaikumus salam, Malama. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma tunda gaskiya kika nema, ita zan ba ki, sai dai ki gyara zama.

Da farko, fushinki yana da tushe. Maki huɗu ciwo ne, ballantana ga mai zama ɗaya a gaba. Kuma Auta ta yi kuskure. Kun raba aiki bisa amana, kashin nan nata ne, ranar da ta gane littafin ya tsufa ya wajaba a kanta ta tsaya da ƙafarta ta ce a dakata, ko da za ki cinye ta ɗanya. Faɗa sau ɗaya a ƙasan maƙoshi bai sauke mata nauyi ba, musamman ga Dogo, bawan Allah da bai zage ta ba bai yi mata dariya a allo ba sai da kika fara. Tana da haƙurin da za ta ba ku, ku biyun. Wannan na ba ki.

Amma cewa da gangan ta haƙa miki rami, nan ban bi ki ba, kuma shaidata daga wasiƙarki na ɗauko ta. Ke kika ce ba kya son bayani, tambaya da amsa kawai. Ke kika kai littafin da ba shi da bango aka buga, ba ki tambayi shekararsa ba, alhali ke ce malama a ɗakin. Ta ce miki amsa ta canza, kika tuna mata ba ta iya haɗa jimla ba. Ta ce ki kunna rediyo, sau biyu, kika ce surutu ne. Yarinyar da aka yi wata shida ana baje kurakuranta a allo ana dariya, a gaban namiji, daga bakin yayarta, da wane ƙarfin hali za ta ce Yaya kin yi kuskure karo na biyu? Kin koya mata Turanci, babu musu, amma tare da shi kin koya mata yin shiru a gabanki. Laifi tudu ne, 'yar'uwa, kin taka naki kina hango nata.

Sai maganar da kika so ki wuce da sauri. Tambaya goma sha huɗu kika bari a Turanci, fannin da kike ci da shi shekara goma sha ɗaya. Cikin sittin da shida da kika amsa kin ci hamsin da biyar. Da kin kai ga sauran, ko rabinsu kika samu, da yau gidanku ake cika ana barka, da tsohon littafin da komai. Auta ba ta riƙe miki fensir ba. Abin da kike hana 'yan firamare daidai ne a aji, don so kike su iya. Amma wannan jarrabawar tsere ce da agogo, kuma tunda ba a rage maki a kan kuskure, duk gurbin da kika bari fari kyauta kika yi wa wanda ke bayanki.

Ga abin da za ki yi da mako taran nan.

A Turanci ba karatu kike buƙata ba, gudu kike buƙata. Ki nemo tambayoyin shekarun baya, ki ajiye agogo a gabanki, ki riƙa yin cikakken zama sau uku a mako, in lokaci ya cika ki ajiye fensir ko kina tsakiyar kalma. Ki fara da gajerun tambayoyin nahawu da na kalmomi da kike amsawa ido rufe, ki bar dogayen rubutu zuwa ƙarshe. In kin zo kansu, ki karanta tambayoyin tukuna, sannan ki shiga rubutun kina neman abin da aka tambaya, karatu ɗaya. Tambayar da ta riƙe ki fiye da minti ɗaya, ki yi mata alama ki wuce. Minti biyar na ƙarshe na cike duk gurbin da ya rage ne. Ba a je can don gyara wa masu jarrabawa rubutu ba.

A al'amuran yau da kullum, kada ki jefar da tsohon littafin, ki raba shi biyu. Abin da ba ya canzawa, kamar tarihi da koguna da duwatsu, haddarki na nan daram, riba ce. Abin da ke canzawa kuwa, wato masu muƙamai, da alƙaluma, da yawan ma'aikatu, da sababbin dokoki, ki ja masa layi, ki bi shi ɗaya bayan ɗaya ki tabbatar da na yau. Wannan fanni ba a ba wani ajiyarsa, kamar cin abinci ne, ba mai yi miki. Labaran safe minti goma ne, kina iya ji kina ɗaura wa yara takalmi, kina iya ji a waya cikin motar da kika ce kina bita a cikinta. Ki kuma kira Dogo ku koma ɗakin yadin Yayanku, amma wannan karon kowa ya karanta komai, ku haɗu don yi wa juna tambayoyi kawai.

Batun tara dangi, ki ajiye shi. Za ki ci mako biyu kina shirya abin da za ki faɗa, mako biyu kuma ana zaryar sulhu, ki duba nawa ya rage cikin tara. Batun fasa jarrabawa kuwa ban ma ɗauke shi shawara ba. Auta ta riga ta samu aikinta. In kin fasa, ba ita za ta koma gaban mai makaranta tana kallon fuskarsa kowace safiya ba.

Ki je gidan gwaggo ki yi barka, ko minti goma ne. In kin samu Auta ita kaɗai, ki gaya mata abin da ya yi miki ciwo a fili, ba tare da zagi ba, ki saurari nata, don ina kyautata zaton akwai dariyar da har yau ba ta manta ba. In zuciyarki ba ta kai nan ba tukuna, ki bari sai bayan jarrabawa, zumunci zai jira ki. Ranar haihuwarki ce ba za ta jira ba.

Abin da ba zai kai gobe ba shi ne ledar da ke kan firiji. Kin ce don a yabe ta ta aiko. Mai neman yabo aikowa take yi sau ɗaya ta kakkaɓe hannu, ba ta ci gaba da tashi da safe tana rubuta labaran jarrabawar da ta riga ta ci. Yarinyar nan haƙuri take ba ki da irin bakin da kika bar mata. A cikin littafin nan akwai aikin wata shida da ba ki da lokacin yin sa yanzu, kuma makinki huɗu suna ciki har da ƙari. Ki sauko da shi yau ki buɗe. Za ki tarar da kurakuran Turanci a kowane shafi, na sani. Ki bar jan bironki a makaranta, wannan karon ke ce ɗaliba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya buɗe miki ƙwaƙwalwa ranar zama, ya sa barkar gaba a ƙofarki za a yi ta, Auta na cikin masu yi miki guɗa.

Antinku.